Zan iya sayo maƙalin tirela in ɗaura wa motata da kaina?

Tambaya: Ina da mota irin ta iyali, mai ɗan tsayi, ina so in riƙa jan 'yar tirela da ita jefi-jefi, wani lokacin kuma in ɗora abin ɗaukar kekuna a bayanta. Na ga ana sayar da ƙarfen da ake maƙala tirela a intanet, har an rubuta wai mutum zai iya ɗaurawa da kansa cikin awa guda. Ni dai iyakar sanina canjin taya da juyen mai. Zan iya, ko in kai wa bakanike? Kuma wanne zan saya, tunda na ga iri-iri?

Amsa: Za ka iya, Malam. Wanda ya san yadda ake ɗaga mota a tsaya lafiya, ya kuma san bambancin noti da ya ɗauru da wanda aka yi wa ganin ido, ya riga ya sami rabin abin da aikin ke bukata. Sai dai waccan awa guda da ka gani, lissafin sabuwar mota ce da aka ɗaga sama a gareji, a hannun wanda ya ɗaura irinsa sau ɗari. Kai ware wa aikin yini, kada ka soma shi da la'asar alhali kana da tafiya da safe.

A shekarun da na yi ina wannan aiki, yawancin matsalolin da ake kawo mini ba a ƙarƙashin mota aka haife su ba. Tun wajen saye aka yi kuskuren. Saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Kafin ka buɗe shafin mai sayarwa, buɗe littafin motarka, ka nemi wajen da aka yi maganar jan kaya. Lambobi uku kake nema: nauyin tirela mai birki da motar za ta iya ja, nauyin tirela marar birki, da nauyin da aka yarda ya danna kan ƙwallon maƙalin daga sama, wato dunƙulen ƙarfen da bakin tirela ke kifewa a kansa. Na biyun yawanci ya fi na farkon ƙanƙanta da nisa. A ƙa'idar Turai, tirela marar birkin kanta ba ta wuce kilo 750, kuma ƙananan motoci da yawa ba a ba su ko hakan ba. Idan littafin ya ɓata, motocin da aka ƙera don kasuwar Turai suna da wani ɗan faranti a jikin ƙofa ko cikin gidan inji mai jerin nauye-nauye. Na farko shi ne nauyin motar da dukkan kayan da za ta iya ɗauka, na biyu nauyin mota da tirela a haɗe. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da za ka ja. A ce na farko 2,000 ne, na biyu 3,500, to kilo 1,500 ke nan. Idan wajen lamba ta biyun a farantin fanko ne, ko littafin ya ce kada a ja komai da motar, maganar ta ƙare a nan, ko da kuwa ka ga wani yana sayar da ƙarfen da zai shiga jikinta. Akwai motoci irin haka, musamman wasu masu aiki da batir da wasu ƙananan na cikin gari.

Ga abin da mutane suka fi kasa haɗiyewa: maƙali ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Mota tana da iyakarta, ƙarfen yana da tasa, ƙwallon yana da tasa, bakin tirelar ma haka. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka. Ka ɗaura ƙarfen da aka rubuta wa tan biyu a motar da aka ba kilo 900, har gobe kilo 900 za ka ja, domin birkinta da giyarta da lagiretonta ba su san ka sayo sabon ƙarfe ba. Kuma nauyin tirela yana nufin ita kanta da kayan cikinta gaba ɗaya, ba kayan kaɗai ba.

To, sai nau'in da za ka saya. Duniya ta rabu gida biyu a wannan harka, kuma wanda bai san haka ba yakan sayo rabi daga nan rabi daga can, su ƙi haɗuwa.

Tsarin Amurka shi ne wanda za ka ga bututu mai kusurwa huɗu ya leƙo a ƙarƙashin bamba, ana zura masa hannun da ke ɗauke da ƙwallo, a soke da fil. An kasa shi aji-aji. Aji na ɗaya yana jan har fam 2,000, wato kimanin kilo 900. Aji na biyu fam 3,500, kusan kilo 1,600. Su biyun bakinsu inci ɗaya da kwata ne. A aji na uku bakin ya koma inci biyu, kuma shi ne aka fi sa wa motoci masu tsayi da akori-kura. Kamfanoni irin su Curt da Draw-Tite wannan tsari suke ƙerawa. Tsarin Turai kuwa wuya ne mai lanƙwasa da ƙwallo a kansa, wani a kafe yake, wani ana cire shi a ajiye a but, wani ma yana naɗewa ya ɓuya a bayan bamba. Westfalia da Brink suna cikin sanannun masu yin sa.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman ƙwallo. Na Turai milimita 50 ne cif. Na Amurka kuwa uku aka fi sani: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci biyu milimita 50.8 ne. A ido ba za ka bambanta shi da na Turai ba, amma ba ɗaya ba ne, kuma bai kamata a haɗa bakin wannan da ƙwallon wancan ba. Mafi muni shi ne a kifa bakin inci biyu a kan ƙwallon 1 da 7/8. Zai zauna, zai ma yi kamar ya kulle, ka yi tafiyarka lafiya har sai ka faɗa rami na farko, tirela ta yi tsalle ta rabu da mota. Don haka je ka duba bakin tirelar da za ka ja tukuna, girman yana nan a buge a jikin ƙarfen. Shi zai gaya maka ƙwallon da za ka saya.

Tunda ka ambaci kekuna, idan tsarin Amurka za ka bi kuma akwai mai bakin inci biyu da aka yi wa motarka, ɗauki shi. Kayan da ake zurawa a wannan baki sun fi yawa, kuma ba sa rawa kamar na ƙaramin. Amma ka lura, abin ɗaukar keke ba ja yake yi ba, dannawa yake. Nauyinsa da na kekunan duka a kan lamba ta ukun nan ta littafin mota yake hawa, wato nauyin da ke danna ƙwallo, wadda a motocin iyali na Turai yawanci tana tsakanin kilo 50 zuwa 100. Kekuna masu batir guda biyu da ƙarfen da ke riƙe su suna iya cinye wannan kason tas, ga shi kuma sun miƙe baya suna yi wa maƙalin banƙara duk lokacin da mota ta yi tsalle.

Wajen yin odar, kada ka tsaya ga sunan mota kawai. Sa shekara, sa siffar jiki, domin mai but da mai buɗaɗɗen baya ƙarƙashinsu daban ne ko da sunansu ɗaya. Duba ko salansarka ɗaya ce ko biyu, ko safayar taya a ƙasa take rataye, ko akwai na'urar da ke ƙara in ka kusa cin karo da abu a ribas. Hattara da shekarar da kamfani ya sauya fasalin mota, don a shekara guda ana iya samun tsoho da sabo. Hanya mafi tsaro ita ce ka aika wa mai sayarwa lambar casis, mai haruffa da lambobi 17, ya tabbatar maka a rubuce cewa kayan na motarka ne. Wannan ya ƙara zama dole idan motar an ƙera ta ne don wata ƙasa aka kawo ta inda kake, domin mota ɗaya takan fito da bamba da ƙarfen baya daban-daban gwargwadon kasuwar da aka yi wa ita.

Sannan yi abin da kusan ba wanda yake yi: sauke takardar umarnin ɗaurawa ka karanta kafin ka biya kuɗi. Kamfanonin kirki suna ajiye ta a fili. A ciki za ka ga ko sai an cire bamba, ko sai an yanke wani ɓangarensa, ko sai an huda ƙarfe, da irin sufanun da za a nema. Ka ɗauki takardar da tocila ka kwanta ƙarƙashin motarka, ka nemo ramukan da aka zana ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji. In ka tarar tsatsa ta cinye ƙarfen wajen har yana ɓarewa in ka soka sukudireba, dakata da saye, wannan motar gyaran casis take bukata kafin ta ja ko da amalanke.

Wanda aka rubuta wa “yana shiga kowace mota” kuwa, bar musu kayansu. Araha ba ta ado. Abin da yake shiga kowace mota, ba a auna shi da ko ɗaya ba.

Ranar aiki, abu na farko zazzage kwalin ka ƙirga bolti da noti da washa ka gwada da jerin da ke takarda. Gara ka gano an manta da guda yanzu, da ka gano bayan ka sauke bamba. Ka tanadi saitin soket da dogon hannunsa, sufana mai auna ƙarfin ɗauri, man kwance tsatsa, ƙaramin burushin ƙarfe mai kama da na wanke kwalba, tabarau, da mutum ɗaya mai taimako. Ƙarfen yakan kai kilo 15 zuwa 25, kuma riƙe shi sama da hannu ɗaya kana laluben rami da ɗayan ba jarumta ba ce, hanyar fasa haƙori ce. Mota ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin gaba. In za ka ɗaga ta, ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne, kuma bulo ba ya maye gurbinsu don yana fashewa ba sallama. Bari salansa ta huce.

Motoci da yawa suna zuwa da notin da aka liƙe a cikin casis tun daga masana'anta, suna jiran wannan rana. Matsalar ita ce sun yi shekaru a buɗe suna shan ruwa da laka. Nan ne aikin awa guda yake komawa na awa huɗu. Fesa musu mai tun daren jiya. Da safe ka zura burushi ka yi ta murzawa, ka sake fesawa, ka gwada bolti da yatsu kawai. Ya shiga zagaye biyu ya cije, fito da shi ka ƙara gogewa. In ya ƙi, akwai ƙarfen da ake gyara haƙoran noti da shi, sai dai ka tabbatar girmansa da tazarar haƙoransa sun yi daidai da na boltin. Abin da ba a yi shi ne a ɗora injin ɗauri a tura da ƙarfi. Ko haƙoran su cinye, ko notin ya ɓalle daga waldarsa ya riƙa juyawa a cikin ramin da hannu ba ya kaiwa, kuma daga nan ka shiga aikin da ya fi ƙarfin gida. Sai kowane bolti yana shiga da hannu har ƙarshe kafin ka ɗaga maƙalin. Ka kuma kankare baƙin danƙon da ake shafa wa ƙasan mota a daidai inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe. In ka bar shi a tsakani, zai lotse a hankali, ɗaurin ya saki. Bayan ka kankare sai ka shafa ɗan fenti ko maganin tsatsa marar kauri.

Inda babu noti a ciki, za ka ga sun sako wata siririyar waya mai naɗe a baki kamar sifirin. Aikinta jawo bolti ta cikin casis. Ka zura bakin mai naɗin ta ramin da kake so boltin ya fito, ka tura har ya leƙo ta babban ramin da ke kusa, ka zura ɗan farantin ƙarfe mai huda da ya zo a kwalin, ka murɗa boltin a cikin naɗin, ka tura farantin ciki da farko sannan boltin, sai ka jawo wayar a hankali har boltin ya faɗo ta raminsa yana reto. Kada ka cire wayar tukuna. Zura ta ta ramin maƙalin, ku ɗaga, sai boltin ya ratsa sannan ka warware ta ka sa noti. Wanda ya yi gaggawar cirewa, da ya ɗaga ƙarfen sai ya tunkuɗa boltin ya koma ciki, ya yi ta ƙara a casis kamar tsakuwa a gwangwani.

Salansa takan tare hanya. Robobi ne ke rataye da ita, ka shafa musu ruwan sabulu su zame. Amma ɗaure ta da igiya ko ka tokare ta kafin ka cire, kada ta rataya da nauyinta ta fasa wani wuri can gaba. Idan kuma naka irin wanda sai an cire bamba ne, bi a hankali da 'yan maɓallan roba, ka cire filogin fitilu da na na'urorin ribas kafin ka janye shi. A motoci da yawa za a ce ka cire ƙarfen da ke bayan bamba, maƙalin ya zauna a gurbinsa. Ajiye tsohon, ranar da za ka cire maƙalin dole a mayar da shi.

Da kun ɗaga, sa dukkan boltin da hannu, sako-sako. Kada ka ƙulle ko ɗaya sai duk sun shiga, in ba haka ba na ƙarshe ba zai ga raminsa ba. Daidaita ƙarfen ya tsaya a tsakiya, sannan ka bi su da sufana mai awo zuwa adadin da takarda ta faɗa. Don ka san ma'aunin abin, bolti mai kaurin milimita 12 da aka buga wa 8.8 a ka yakan nemi wajen 80 a ma'aunin Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sufanar, mai 10.9 kuma ya haura 110, amma lambar takardarka ita ce hukunci. Waɗannan lambobi na kan bolti ƙarfinsa suke nunawa, shi ya sa in ɗaya ya ɓata ba a maye shi da kowane bolti da aka tsinta a akwati. Washa mai haƙora ko mai ɗan kumburi tana da fuskar da take kallon ƙarfe, duba zanen.

Bari in ɗan ratse kan walda, don na san wani zai ce maka ai mai walda zai haɗa maka irinsa a rabin kuɗi. An taɓa kawo mini mota da aka yi wa haka, aka liƙa bututu a jikin kwanon da safayar taya ke kwanciya. Waldar ba ta karye ba, kwanon ne ya yage kamar takarda. Yawancin motocin yanzu ba su da casis mai zaman kansa irin na manyan motoci, jikin ne gaba ɗaya yake ɗaukar nauyi, kuma wurare ƙalilan ne aka ƙarfafa don ja. Zafin walda yana raunana ƙarfen, ga tankin mai da wayoyi a kusa. Hudawa ma sai inda takarda ta ce, kuma sai ka leƙa abin da ke bayan wurin.

Saura wuta, kuma a nan ne nake cewa ka auna kanka da gaskiya. Tirela tana bukatar fitilar birki, sigina da fitilar dare. A Amurka ƙananan tireloli suna amfani da filogi mai baki huɗu, masu birkin lantarki kuma mai bakwai. A Turai akwai mai bakwai da mai 13, wanda ya ƙara da fitilar ribas da wutar caji. A tsofaffin motoci ana iya jona waya kai tsaye daga fitilun baya. A na zamani kwamfuta ce ke lura da kowane ƙwan fitila, in ta ji an ƙara mata kaya sai ta kunna gargaɗi, ko ta yanke layin, wani lokacin ma akwatin ya ƙone. Maganin shi ne ka sayi saitin wayar da aka yi wa motarka, mai filogin da ke shiga tsakanin na fitilun ba tare da yanka ba, da ɗan akwatin da ke jan wutarsa daga batir ta fis ɗinsa. In haka naka yake, za ka iya: cire kan batir na nagatif, goge wajen da za ka ɗaura wayar asi, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, har ƙarfe ya yi fari, ka nisanta wayoyi da salansa da duk abin da ke motsi. Mafi yawan fitilun tirela masu wasa, ka taka birki sigina ta kama, asi ne bai zauna ba. Amma wasu motocin sai an jona su da kwamfuta an sanar da su cewa yanzu suna da maƙali, don su kashe ƙarar ribas su kuma kunna tsarin hana tirela lilo. In takarda ta ce haka, ɗaura ƙarfen da kanka, ka kai wa mai gyaran wayar mota ya ƙarasa. Ba abin kunya ba ne.

Kafin tafiyar farko, haɗa tirela a fili ka duba ta tsaya daidai, ba ta ɗaga hanci ba, ba ta dunƙufa ba. A tsarin Amurka ana gyara wannan da hannun ƙwallo mai sauka ko mai hawa. Loda kaya yadda kimanin kashi 60 cikin ɗari zai kasance gaban tayoyin tirelar. A Amurka ana so kashi 10 zuwa 15 na nauyinta ya danna ƙwallo, a Turai ƙasa da haka suke bari, amma ko'ina ba a wuce lambar da motarka ta bayar. Sikelin auna mutum da guntun katako sun isa ka auna na ƙaramar tirela. In nauyi ya koma baya, tirela takan fara kaɗa wutsiya da zarar gudu ya ƙaru. In hakan ta same ka, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi. Sarƙoƙin tsaro guda biyu a gicciye su ƙarƙashin wuyan tirelar, don in ta kuɓuce ta faɗa a kansu maimakon ta caki kwalta. Bayan ka kulle bakin, ɗaga shi sama da ƙarfi ka ga ko bayan motar zai biyo.

Ka kuma duba dokar inda kake da takardar inshorarka, domin wasu ƙasashen suna neman maƙali mai shaidar gwaji, wasu suna so a sanar da su an ƙara wa mota wani abu, kuma ba a yarda ƙwallo ya rufe lambar mota ba. Bayan jan farko ka sake bin boltin da sufanar awo, ka maimaita bayan kimanin kilomita 1,000, don sabon ɗauri yakan ɗan zauna. Idan mai bututu ne, riƙa zare hannun ƙwallon in ba ka ja, ka shafa ɗan giris a ciki ka toshe bakin da murfin roba. In ka bar shi shekara guda a ciki yana shan ruwa, sai da guduma zai fito.